Dawa, Fage, Tsangaya, Maƙera ko Makarantar Takobi: Ina Za Ka Kai Jarumin Labarinka Ya Koyi Farautar Aljanu?

Wani ƙanena da muke zaman majalisa ɗaya a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ya turo mini babi 6 na littafin da yake rubutawa. Jaruminsa ɗan Daura ne mai shekara 17. Wani abu ya shiga gidansu da almuru ya ɗauke ƙanwarsa, shi kuma ya rantse sai ya bi sawu ko ina ne. Babi 3 na farko na karanta su ban ɗaga kai ba. Da aka zo na huɗu, inda za a horar da yaron, sai labarin ya tsaya cak. Da muka haɗu ya ce mini, "Yaya, ni ma na san nan na maƙale. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Na sa shi ya tsaya ƙarƙashin ruwa mai zubowa daga kan dutse, sai na tuna babu irin wannan ruwan a ƙasar Daura. Na mayar da shi gaban malami, sai tsoro ya kama ni kada a ce na yi wasa da addini. Ina zan kai shi?"

Na san ba shi kaɗai ke wannan wasiwasin ba. Duk mai rubuta labarin jarumta da aljanu, ko a Wattpad yake sakawa, ko a zaurukan WhatsApp, ko karanta masa ake yi a YouTube, sai ya iso wannan mararraba. Babin horo shi ne wurin da mai karatu yake yanke shawarar ko zai yarda da jaruminka ko ba zai yarda ba. Hanyoyi 5 nake ganin suna gabanmu, kuma na auna su ne da abin da na gani a rubutun wasu da nawa.

Tambayar da ke gaban kowane awo

Abokin gaban jaruminka yana da wuyan da za a sara, ko ba shi da shi? Idan muna ba da labari mukan haɗa halittu da yawa a buhu ɗaya, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai dodon tatsuniya, akwai mutumin da ke rikiɗa kura cikin dare, akwai maye mai kama kurwa, akwai fatalwa, akwai kuma aljani wanda yake ganinmu ta inda ba mu ganinsa. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, yana da kai. Shi ya sa wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajidda ta yi amfani. Da abin cikin rijiyar iska ne marar jiki, da wuƙar ba ta da abin yanka. Marubuta da yawa suna ɓata babi 10 suna gina wa yaro damtse, sannan su haɗa shi da abin da damtse ba ya kamawa. Ka fara amsa wannan tukuna.

Sannan ma'aunan guda 4 ne. Farashi, kuma kashi biyu ne: abin da jarumin zai biya da shekarunsa da jikinsa da danginsa, da abin da kai za ka biya na shafuka da bincike da kuɗin mota. Ƙarko: horon zai ɗauki labarin har littafi na 3, ko zai ƙare a faɗan farko? Sauƙi: za ka iya rubuta shi ya fito da rai da abin da ka sani yau? Haɗari: me zai iya jawo maka, daga mai karatun da zai ce ƙarya ce, zuwa malamin da zai ce ka ƙetare iyaka, zuwa yaron da zai karanta ya je ya gwada?

Dawa: horon maharba

Wannan ce hanyar da na fi so, kuma ba zan ɓoye ba. Maharbi tun asali mai farautar abin da ya fi shi ƙarfi ne, don haka duk abin da ya koya yana zaunawa daidai a jikin mai farautar aljanu ba tare da ka yi ƙari ba.

Yaron maharbi ba ya fara da baka. Yana fara da ɗaukar gorar ruwa da riƙon karnuka, yana tafe a baya, ba a tambayarsa ba ya magana. Daga nan sai sawu: wannan na gada ne, wannan na barewa, wannan tun jiya aka taka shi don raɓa ta sauka a ciki. Sai iska, inda zai ɗebi ƙura da yatsu ya saki ya ga inda ta nufa, don kada warinsa ya riga shi isa. Sai kan burtu. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana rarrafe yana sassaƙar ƙasa kamar tsuntsun yana kiwo, har nama ya saki jiki da shi, ya san wannan hoto ne da babu fim ɗin waje da zai ba ka irinsa. Ka ɗora shi a labarinka: yaro yana koyon yadda zai shiga kasuwar aljanu a ƙarƙashin kuka da siffar da ba tasa ba, gwiwoyinsa sun sassale, wuyansa ya sage, kuma idan ya ɗaga kai sau ɗaya kamar mutum ya tonu. Sai kwana a kan reshe kusa da mashaya, sauro na cizo ba damar mari. Wannan darasin haƙuri ne da na tsoro a lokaci guda.

Abin da ya ƙara mata daraja shi ne su maharba da kansu ba su ɗauki daji a matsayin fili kawai ba. A wurinsu dawa tana da masu ita. Akwai itacen da ba a kwana a gindinsa, akwai naman da idan ya faɗi ba a tunkararsa kai tsaye sai an yi shiri, akwai lokacin da ake juyawa gida ko an ga nama. Ke nan duniyar labarinka a gine take.

Farashinta ga jarumi matsakaici ne zuwa babba. Farauta aikin rani ce bayan an kawar da amfanin gona, don haka sai ka ba shi rani 3 ko 4 kafin mai karatu ya yarda ya ƙware, kuma tabo ɗaya aƙalla ya zama dole. Gare ka kuwa bincike ne mai cin lokaci: sai ka zauna da Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi ka saurara, da goronka a hannu. A nan zan roƙe ka abu ɗaya da gaske. Kada ka ce za ka shiga Dajin Rugu ko makamancinsa don ka ga daji da idonka. Halin da 'yan bindiga suka jefa wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Tsofaffin da suka san dajin suna cikin gari, a ƙofar gidajensu.

Ƙarkonta ya fi na kowa, domin kowane sabon abokin gaba yana zuwa da sabon sawu, kuma jarumi ba ya gama koyo. Haɗarinta yana wajen layu. Baduhu, layar zana, sagau, kau-da-bara, duk suna cikin kayan maharba na gargajiya. Idan ka rataya wa jarumi su duka, ka jawo wa kanka abu biyu: masu karatu da za su ce ka ɗaukaka shirka, da labarin da ya mutu saboda kowace matsala laya na warware ta. Haka kuma dafin kibiya: ka ambaci kwankwani idan kana so, ka nuna bukkar da ake dafa shi nesa da gida da tsoron da ke tattare da ita, amma kada ka rubuta yadda ake haɗawa.

Fage: dambe, kokawa, tauri da shaɗi

Wannan ita ce mafi arha a hanyoyin gida kuma mafi ƙara. Babi 2 sun isa. Kowa ya san fagen dambe: hannu ɗaya an naɗe shi da kara, ɗayan a buɗe yana tsaron fuska, turmi 3, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Akwai ɓangarori a shirye, Kudu da Arewa da Guramada, akwai gadon Rundawa, akwai kalangu. Ga shaɗin Fulani, inda saurayi zai ɗaga hannu ya buɗe haƙarƙari a zuba masa bulala yana kallon madubi, fuskarsa ba ta motsa ba. Idan abin da kake so ka nuna shi ne yadda yaro ya koyi shan wuya ba tare da ya yi raki ba, babu inda ya kai nan.

Babbar kyautar fage ga marubuci ita ce tsuma. Marubutanmu suna wahalar neman yadda ƙarfin jarumi zai ninku a tsakiyar faɗa, har su aro haske mai fita daga ido. Ga shi kuwa a gida: makaɗi ya kira sunan kakansa, ya jero masa kirari, jikinsa ya ɗauki rawa, ya manta da ciwo. Ka ba jaruminka makaɗi abokin tafiya, ka ga yadda labarin zai samu murya ta biyu. Ranar da aka raba su kuma, ka samu babi mai tayar da hankali.

Inda take da rauni shi ne ƙarko. Ƙarfin damtse yana da iyaka, kuma tarihin garinmu ma ya nuna haka. Kamar yadda labarin baka ya zo, Korau gwanin kokawa ne, amma bai kayar da Sanau, sarkin Katsina na lokacin, ba sai da aka raba Sanau da layarsa ta hannun matarsa, sannan takobin nan mai suna Gajere ya gama aiki. Ko a tsakanin mutum da mutum ke nan, sai da aka haɗa da sanin sirri. To ina ga abin da ba shi da ƙugun da za a kama? Horon fage yana kai jarumi ga dodo da kura mai rikiɗa, amma ba ya kai shi ga aljani.

Haɗarin da ya fi damuna a nan na tauri ne. Wuƙa tana lanƙwashewa a ciki, kaifi ya ƙi kama fata, abin sha'awa ne a takarda. Amma mun sha jin waɗanda suka jikkata ko suka rasa rai wajen gwajin maganin ƙarfe ko na bindiga. Masu karanta irin littattafan nan da yawa samari ne ƙanana. Idan za ka sa tauri, ka nuna ranar da ya ci amanar mai shi.

Tsangaya: horon allo da tilawa

Idan abokin gaban aljani ne na gaske, marar jiki, wannan ce kaɗai hanyar da mai karatu Bahaushe zai yarda da ita har cikin zuciyarsa, domin ita ya sani tun yana yaro. Uwarsa ta tofa masa Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. An hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, an hana shi yawo da almuru. Ya ji hadisin Abu Huraira da ɓarawon da ya zo dare 3 yana ɗibar abincin zakka, har ya koya masa Ayatul Kursiyyu don a sake shi, aka ce masa ya faɗa maka gaskiya alhali shi maƙaryaci ne. Ba sai ka yi masa dogon bayani ba.

Kuma tsangaya tana da abin da masu aron makarantun waje suke nema ba su san muna da shi ba, wato matakai. Kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani. Kowane mataki da aikinsa da abin da ake tsammani daga mai shi. Akwai wahalar jiki ta gaske: tashin asuba cikin hunturu a kewaye wutar kara, zuwa itace, wanke allo da rubuta sabo, izu 60 da za a haddace sannan a rubuta da ka. Akwai kiskadi, inda gardi zai ware kansa a bayan gari shi kaɗai da allonsa. Ka kai jaruminka can dare ɗaya ka gani. Yana tsakiyar tilawa, sai ya ji muryar ƙanwarsa da aka ɗauke tana kiran sunansa daga bayan bukka, da irin kiran da ita kaɗai take yi masa. Idan ya tsaya ya amsa, ya faɗi. Idan harshensa ya sarƙe ya tsallake aya, sai ya koma farko, kuma muryar tana ƙara matsowa. Babu takobi a wannan babin, amma wanda ya karanta shi da dare zai tashi ya duba sakata.

Ɗan Katsina yana da gata a nan. Garin da ke da hasumiyar Gobarau, wanda ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, da Muhammadu Alkashinawi wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi ya rasu a Alƙahira a 1741, ba ya rasa inda zai zaunar da malamin labarinsa. Sai dai ka ƙirƙiri naka malamin. Kada ka ɗauki waɗannan bayin Allah ka sa musu magana a baki.

Farashinta ne mafi tsada. Ga jarumi, shekaru ne masu yawa, rabuwa da gida, yunwa. Ba za ka iya cewa ya haddace Alƙur'ani a wata 3 a yarda da kai ba, sai dai ka fara labarin yana gardi. Gare ka, wahalar rubutu ce, domin faɗan a cikin zuciya yake, kuma fito da shi fili yana bukatar gwaninta. Ƙarkonta babba ne, don abokin gaba na iya shigowa ta girman kai, ta riya, ta fushi, kuma waɗannan ba su ƙarewa.

Haɗarinta ma shi ne mafi girma, kuma tsoron ƙanena yana kan hanya. Abubuwa 4 nake ganin dole ne. Kada ka mayar da aya harsashi, jarumi ya karanta wuta ta fita daga tafinsa. Kada ka rubuta aya ko addu'a daga ka, ka kai wa malami ya duba, ko ka ce kawai "ya karanta Ayatul Kursiyyu" ka wuce. Kada jaruminka ya nemi taimakon wani aljani a kan wani ka nuna shi a matsayin daidai, domin aya ta 6 a Suratul Jinni ta yi magana a kan mutanen da ke neman tsari da aljanu da abin da hakan ya ƙara musu. Na huɗu kuma ya shafi rayuwar mutane: kada ka nuna dukan marar lafiya a matsayin hanyar fitar da aljani. A unguwanninmu akwai masu farfaɗiya da masu taɓin hankali da asibiti ya kamata a kai su, kuma labari yana iya ƙara musu wuya ko ya rage. Idan kana da niyyar buga littafin a Kano, ka kuma tuna akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i da ke duba irin waɗannan.

Wasu kan tambaye ni batun girka, wato shigar da mutum bori. Gaskiya ne bori yana da taron 'yan wasa a shirye, da birninsu Jangare, da su Sarkin Aljan da Ɗan Galadima da Inna da Kuturu, kowa da halinsa da kiɗansa. Amma wanda aka yi wa girka doki ne na iskoki, hawansa suke yi, ba farautarsu yake ba. Wurin da ya dace da ita a labarinka shi ne ɓangaren abokan gaba, ko bakin wata tsohuwa da ta tuba wadda ta san sunayensu da hanyoyinsu.

Maƙera

Hanya ce da ba a cika bi ba, kuma tana da kyau. Yaro yana fara da zuga, yini guda yana danna zuga-zugi a gaban gawayin ƙirya, kafin a bar shi ya riƙe awartaki, kafin masaba. Zafi, ƙuna, haƙuri, da sanin launin ƙarfe lokacin da ya nuna. Maƙera kuma an san su da wasa da wuta, don haka akwai kwarjini a tattare da gidan. Ribarta ita ce jarumi zai ƙera makaminsa da hannunsa, kuma makamin da aka ga haihuwarsa a kan uwar maƙera yana da nauyi a idon mai karatu fiye da wanda aka tsinta a kogo.

Bincikenta da sauƙi, wuni biyu a rumfar maƙeri sun ba ka abin da kake bukata, haɗarinta kuma kaɗan ne. Matsalarta guda: a zaune ake yin ta. Maƙera tana koyar da ƙira da juriya, ba ta koyar da bin sawu ko tsayawa gaban abin tsoro. Ko Bayajidda ma ba zama ya yi ya koyi ƙira ba, karɓar wuƙa ya yi ya wuce. Ita kaɗai ba ta ɗaukar littafi, amma a matsayin zango na babi 2 ko 3 a tsakiyar wani horon, tana da daɗi ƙwarai.

Makarantar takobi ta aro

Ita ce wadda muke gani a zanen Japan masu motsi da finafinan Sin da ake fassarawa: makaranta a kan tsauni, tsohon malami, salon numfashi, sara dubu kafin karin kumallo, jarrabawar da ake tura ɗalibai daji a ga wanda zai fito. Ba zan raina ta ba. Masu ita sun san aikinsu, kuma akwai dalilin da ya sa yaranmu ke son ta: tana da daraja-daraja da ake hawa, da abokan hamayya, da jarrabawa mai ranar da aka sa. Ba ta cin kuɗin bincike, ba ta taɓa addinin kowa, tana kuma iya jan littafi 5 saboda kullum akwai mataki na gaba.

Abin da take ci shi ne yarda. Mai karatunka ya ga asalin, da launi da kiɗa, don haka naka zai zama masa kwafi. Kuma ba ta zama a ƙasarmu: yaron da ya taso tsakanin Daura da Mai'aduwa, ƙasar rairayi da gero da kuka, ina ya ga dusar ƙanƙara? Idan zuciyarka na wurinta, ɗauki ƙashin ka bar fatar. Matakan da jarrabawar da hamayyar ka zuba su a gidan Ƙaura, wanda shi ne jagoran yaƙi a tsarin sarautar Katsina a zamanin da, da barade da 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan baka. Yaro ya fara da yankan ciyawar doki, ya hau zuwa riƙon linzami, ya hau zuwa mashi. Ka sami duk abin da kake so, kuma naka ne.

| Hanya | Farashi | Ƙarko | Sauƙin rubutu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Dawa | Rani 3 zuwa 4, bincike mai yawa | Babba ƙwarai | Matsakaici | Layu, dafi |
| Fage | Babi 2, bincike kaɗan | Ƙarami | Mai sauƙi | Yara su gwada tauri |
| Tsangaya | Shekaru masu yawa, sai malami ya duba | Babba | Mai wuya | Kuskuren addini |
| Maƙera | Babi 2 zuwa 3 | Ƙarami ita kaɗai | Mai sauƙi | Kaɗan |
| Makarantar aro | Kusan babu bincike | Babba a jerin littattafai | Mafi sauƙi | A ce kwafi ne |

Wa ya dace da wace

Idan littafinka na farko ne, gajere, kuma abokin gaban yana da jiki, ka tafi fage ka ƙara da maƙera. Za ka gama, kuma gama littafin farko ya fi komai muhimmanci a wannan matakin. Haka idan don saurare kake rubutawa, za a karanta a YouTube ko a rediyo: kirari da kiɗa kunne suke shiga, fage ya fi kowa a nan.

Idan dogon labari kake shiryawa wanda za ka riƙa saki babi-babi tsawon watanni, kana bukatar matakai. Ka zaɓi tsangaya idan ka yi karatun allo da kanka ko kana da malamin da zai riƙa duba maka, ka zaɓi gidan Ƙaura idan ba ka da shi.

Idan tsoro kake son sa wa mai karatu, ba faɗa ba, tsangaya ce, babu ta biyu. Idan kuwa ba ka da mai duba maka ayoyi, ka haƙura da ita har sai ka samu.

'Yar'uwa marubuciya da jarumarki mace ce, fagen dambe zai yi miki wuyar gamsarwa. Amma 'yar maharbin da bai haifi namiji ba, ko jikar wata tsohuwa mahaddaciya mai koyar da yara a cikin gida, kowa zai karɓe ta. A ƙasar da tarihinta ya fara da jerin sarauniyoyi har zuwa Daurama, ba sai kin nemi izinin kowa ba kafin ki ba mace jagoranci.

Shi kuwa ƙanena, abin da ya ɗauke ƙanwar jaruminsa ba shi da jiki, amma yana barin alama: toka mai sanyi a bakin ƙofa, karnuka su yi shiru. Na ce masa ya raba horon biyu. Yaron ya riga ya yi allo har ya kai gardi kafin labarin ya fara, don kada shekaru su cinye shafuka. Babi na 4 zuwa na 7 ya ba shi ga tsohon maharbi ya koyi sawu da iska da kan burtu, don ya iya isa inda abin yake. Idan ya isa, abin da ke ƙirjinsa tun yana kolo shi zai tsaya da shi, kuma a daren kiskadi za a gwada ko yana nan. Ya yi shiru yana rubutawa a wayarsa, sannan ya ce ranar Juma'a zai shiga motar Daura ya leƙa Kusugu, kuma akwai wani kawun mahaifiyarsa da ya yi farauta a ƙuruciyarsa, zai biya ya gaishe shi da goro.